Ajiya Maganin Wata Rana: Yadda Masana Ke Daskarar Da Irin Ɓera

A ƙasar Hausa babu mai yi wa ɓera fatan alheri. Shi ne mai huda buhu, shi ne mai ɓarnar rumbu, kuma duk gidan da ya yi yawa sai a nemo kyanwa ko a ɗana tarko. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa akwai ƙasashen da ake gina wa ɓera gida mai na'urar sanyaya ɗaki, a ɗauki ma'aikata su riƙa yi masa shara suna ba shi abinci a kan lokaci, har a riƙa tsare shi kada ɗan Adam ya shafa masa cuta. Abin bai tsaya nan ba. A Amurka da Turai da Japan akwai manyan ma'ajiyu da ake adana maniyyin ɓera cikin sanyin da ya wuce misali, ana gadinsa dare da rana kamar yadda ake gadin kuɗi a banki.

Wanda bai san dalili ba zai ce Turawa sun rasa abin da za su yi da dukiyarsu. Alhali kuwa yawancin magungunan da likita ke rubuta wa majiyyaci a yau, sai da aka jarraba su a jikin irin wannan ɓera kafin a yarda a bai wa mutum. In wani iri daga cikinsu ya ɓace, aikin shekara da shekaru ne ya tafi, tare da kuɗin da aka kashe da kuma fatan marasa lafiyar da ke jiran sakamakon binciken. Kowane manomi ya san bambancin hatsin ci da hatsin iri. Na ci in ya ƙare a je kasuwa a auno wani, amma wanda ya bari irinsa ya salwanta, damina za ta same shi hannu rabbana.

WANE IRIN ƁERA NE WANNAN?

Asalin labarin ya faro ne daga wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Abbie Lathrop, wadda a farkon ƙarni na 20 take kiwon ɓeraye masu launi iri-iri a garin Granby na Jihar Masachuset, tana sayar wa masu sha'awar kiwo da kuma masu bincike. A shekarar 1909 wani ɗalibi a Jami'ar Harvard, Clarence Cook Little, ya fara haɗa wa da ƙanwa cikin ɓeraye suna barbara, 'ya'yansu ma haka, jikokinsu ma haka. Masana sun daidaita a kan cewa in aka yi wannan har zuriya 20 a jere, ɓerayen da za a samu sun zama tamkar tagwaye, gadon jikinsu kusan ɗaya. Amfanin haka a fili yake. In aka bai wa kashi ɗaya magani aka hana ɗaya kashin, duk bambancin da aka gani daga maganin ya fito, tun da yake su kansu ba su da bambanci.

A 1921 Little ya fitar da wani baƙin ɓera daga zuriyar na Lathrop, wanda daga gare shi aka sami irin da ake kira C57BL/6, watau ɓeran da ya fi kowane yawa a ɗakunan bincike na duniya. A 1929 kuma ya kafa Cibiyar Jackson a garin Bar Harbor na Jihar Maine, wadda har yanzu ke kiwon dubban ire-iren ɓeraye tana aika wa masana a ƙasashe daban-daban.

Ɓera ya dace da wannan aiki ne saboda dalilai sanannu. Cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne kawai, yana balaga cikin mako shida zuwa takwas, kuma rayuwarsa duka ba ta cika wuce shekara biyu da 'yan watanni ba, don haka abin da za a yi shekara saba'in ana jira a jikin mutum, a jikinsa ana ganinsa cikin ɗan lokaci. Daɗin daɗawa, da aka karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa a 2002, sai aka tarar mafi yawansu suna da takwara a jikin ɗan Adam.

Ƙwayoyin gado su ne umarnin da ke rubuce cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki, waɗanda ɗa ke karɓar rabi daga uwa rabi daga uba. Tun daga farkon shekarun 1980 masana suka iya dasa wa ɓera ƙwayar gado daga waje. A 1982 Richard Palmiter da Ralph Brinster suka nuna wa duniya ɓeran da suka dasa wa ƙwayar girma, ya kusan ninka 'yan'uwansa. Daga baya aka gano yadda za a zaɓi ƙwayar gado guda ɗaya a kashe ta, a ga abin da zai sami dabbar, aikin da ya sa aka bai wa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007. Sa'an nan daga 2013 dabarar CRISPR ta shigo, ta rage wahalar aikin da tsawon lokacinsa ƙwarai. Ta haka aka wayi gari da ɓera mai ciwon sukari, da mai sankara, da mai hawan jini, da mai ciwon mantuwa na tsufa, kowanne da zuriyarsa.

Akwai misalin da ya shafi gidaje da yawa a Nijeriya. A wani rahoto na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila, watau amosanin jini, kowace shekara a ƙasar. Ɓera ba ya yin sikila da kansa. Amma a 1997 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Birmingham ta Jihar Alabama ƙarƙashin Tim Townes, ɗaya kuma a Berkeley ta Jihar Kalifoniya, suka samar da ɓerayen da aka cire musu sinadarin jan jini irin na ɓera aka musanya shi da na mutum mai sikila. A 2011 masana a Boston suka nuna cewa in aka kashe wata ƙwayar gado mai suna BCL11A a jikin ɓera mai sikila, jininsa yana komawa yin sinadarin jariri, cutar ta lafa. Wannan ƙwayar ce maganin Casgevy ke taɓawa, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Gaskiya ne kuɗin da aka sa masa a Amurka, dala miliyan 2.2, ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Duk da haka hanyar da aka bi aka kai gare shi ta ratsa ta kejin ɓera.

WUTA DA RUWA DA ANNOBA

Abin da ya koya wa masana darasi na farko shi ne gobara. A watan Oktoba na 1947, bayan dogon fari, wutar daji ta tashi a Jihar Maine, ta cinye Cibiyar Jackson, dubun-dubatar ɓeraye suka ƙone. A lokacin babu wata dabarar ajiya. Abin da ya ceci cibiyar shi ne alherin da ta shuka a baya, domin masanan da ta taɓa aika wa ɓeraye su ne suka riƙa maido mata da mace da namiji daga nasu, har ta sake tada zuriya. A watan Mayu na 1989 wata gobarar ta sake tashi a sashen kiwo na cibiyar, ɓeraye dubu ɗaruruwa suka hallaka, bincike ya tsaya cik a wurare da dama har tsawon watanni.

Bayan wuta sai ruwa. Da yake a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa aka saba ajiye dabbobin bincike, su ambaliya ke fara ci. A watan Yuni na 2001 guguwar Allison ta cika unguwar asibitoci ta birnin Houston da ruwa, dabbobin bincike dubun-dubata suka nutse. A ƙarshen Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta kora ruwan teku cikin ginin bincike na Jami'ar New York, dubban ɓeraye suka mutu, cikinsu har da na wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Gordon Fishell, waɗanda ya shafe wajen shekara goma yana haɗawa. Shi ma abokan aikinsa na wasu jami'o'i ne suka kawo masa ɗauki. A watan Maris na 2020 kuwa, da cutar korona ta sa aka rufe jami'o'i, ma'aikatan da za su kula da dabbobi suka yi ƙaranci, aka tilasta wa masana da yawa su zaɓi ɓerayen da za a bari da waɗanda za a kashe.

Waɗannan su ne masifun da jaridu ke bugawa. Akwai kuma masu zuwa a ɓoye. Cuta na iya shiga ɗakin kiwo ta gama da shi. Wani irin kuma haihuwarsa ke raguwa sannu a hankali har ta tsaya. Wani lokaci ma'aikaci ne zai yi kuskure ya haɗa mace da namijin da ba nata ba, ba a farga ba sai bayan zuriya uku ko huɗu. Ko da ma babu ɗaya daga cikin waɗannan, gado da kansa yana sauyawa kaɗan-kaɗan a kowace haihuwa. A 1951 aka ɗebi wasu daga cikin C57BL/6 na Jackson aka kai Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, kowane ɓangare ya ci gaba da hayayyafa a inda yake. Bayan shekaru masu yawa sai aka tarar na Jackson sun sami naƙasa a wata ƙwayar gado da ta shafi yadda jiki ke sarrafa sukari, su kuma waɗancan suna ɗauke da wata da ke lalata bayan ido, abin da aka bayyana a 2012. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma sakamakon gwaji ya bambanta. Abin da aka daskarar kuwa yana nan yadda aka ajiye shi, ba ya tsufa, ba ya sauyawa.

Har wa yau akwai batun kuɗi da na tausayi. Kowane keji sai an biya masa kuɗin abinci da shimfiɗa da ma'aikaci kullum, ko ana amfani da ɓerayen ko ba a yi. Irin da aka gama aiki da shi, in aka ce sai an riƙe shi da rai don gudun ɓacewa, to za a yi ta haihuwar dabbobi ana kashe su shekara da shekaru ba tare da sun amfani kowa ba. Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar cewa wajibi ne a rage yawan dabbobin da ake amfani da su iyakar iyawa, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun karɓi wannan ƙa'ida.

KWALBAR DA AKA YI WA KUSKUREN SUNA

Daskarar da abu mai rai ba kamar daskarar da nama ba ne. Duk wanda ya taɓa sa tumatir cikin firiza ya fito da shi ya ga yadda yake saki ya zama ruwa-ruwa. Dalili shi ne yawancin abin da ke cikin ƙwayar halitta ruwa ne, in ya zama ƙanƙara sai ya yi tsini kamar allurai ya yayyaga ta. In kuma ruwan da ke kewaye da ita ne ya riga daskarewa, gishirin da ya rage sai ya yi kauri ya zuƙe ta har ta yamushe.

An sami bakin zaren ne a London a 1949, kuma ta hanyar kuskure. Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes sun daɗe suna ƙoƙarin daskarar da maniyyin zakara da ruwan sukari ba su dace ba. Wata rana suka ɗauko wata kwalba daga firiji suka yi amfani da ita, sai ga maniyyi ya farfaɗo yana motsi bayan an narkar da shi. Da aka bincika abin da ke ciki sai aka tarar takardar suna ce ta rikice, ruwan da ke kwalbar na ɗauke da gilisarin, watau man nan da ake shafawa lokacin hunturu don kada fata ta tsage. Gilisarin yana ratsawa cikin ƙwayar halitta ya hana ƙanƙara yin ɓarna. Ba a jima ba, a farkon shekarun 1950, aka haifi ɗan maraƙi da daskararren maniyyin bijimi, kiwon shanu ya sauya a duniya baki ɗaya. Masu zuwa Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, sun san wannan sana'a ta ɗura wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bijimi.

To, amma abin da ya yi wa zakara da bijimi, ya ƙi yi wa ɓera. Ƙwayar maniyyinsa tana da kai mai lanƙwasa kamar lauje da wutsiya mai tsawo, kusan ninki biyu na ta mutum, kuma ba ta jure girgiza ko sauyin gishirin ruwan da take ciki. Shekara arba'in aka yi ana fama. A tsakanin nan sai aka bi ta wata ƙofar. A 1972 David Whittingham da Stanley Leibo da Peter Mazur, suna aiki a Oak Ridge ta Jihar Tenesi, suka daskarar da ɗan tayin ɓera mai kwana biyu ko uku, suka narkar da shi, suka dasa wa wata macen, ta haife shi lafiya. Wannan babbar nasara ce, sai dai tana da tsada, domin kafin a ajiye iri guda sai an tara ɗan tayi ɗari da ɗoriya, wanda ke bukatar mata masu yawa da watanni na aiki.

Mutanen Japan ne suka warware matsalar maniyyin a wajen 1990. Haɗin da ya karɓu daga ƙarshe, wanda sunan Naomi Nakagata na Jami'ar Kumamoto ya shahara da shi, mai sauƙi ne har abin ya ba da dariya: kashi 18 cikin 100 na wani sukari da ake kira rafinos, wanda ake samu a wake da angurya, da kashi 3 cikin 100 na garin madarar da aka kwashe wa mai. Sai dai an bar baya da ƙura, domin C57BL/6, wanda a kansa aka gina yawancin ɓerayen da aka sauya wa gado, shi ne maniyyinsa ya fi ƙin aiki bayan narkewa. Yana motsi, amma ba ya iya huda ƙwan mace sai kaɗan. Aka yi kusan shekara ashirin a haka. A 2008 masanan Jackson ƙarƙashin Charles Ostermeier suka nuna cewa ƙara wani sinadari mai kare ƙwayar daga lahanin iskar oksijin yana gyara lamarin, su kuma Nakagata da Toru Takeo suka ƙara wasu gyare-gyare tsakanin 2008 da 2011, ga ruwan daskarewa da kuma ruwan da ake haɗa maniyyi da ƙwai a ciki. Daga nan ne ajiyar maniyyi ta zama hanyar da aka fi bi.

YADDA AKE AIKIN

Akan zaɓi maza biyu ko uku balagaggu, waɗanda aka gwada aka tabbatar suna ɗauke da sauyin da ake son adanawa. Bayan an kashe su ta hanyar da dokar kula da dabbobi ta tanada, sai a ciro wata 'yar murɗaɗɗiyar jijiya da ke manne da maraina, inda maniyyi ke taruwa ya nuna. A tsattsaga ta cikin ɗigon ruwan sukari da madara, miliyoyin ƙwayoyi su fito suna iyo. Sa'an nan a zuƙi ɗan mitsitsin ɗigo cikin siraran tsinkayen roba masu rami, kowanne an rubuta masa suna da lamba da kwanan wata, a liƙe bakinsu. Daga mazan nan kaɗai akan cika tsinke goma zuwa ashirin.

Sanyin da ake amfani da shi na ruwan naitirojin ne. Naitirojin iska ce, ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da kowa ke shaƙa, amma in aka sanyaya ta ƙwarai takan zama ruwa mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigiret. Akan ɗora tsinkayen a cikin tururin da ke bisa ruwan na kimanin minti goma, kana a tsoma su ciki, a jera su cikin tankin ƙarfe mai bango biyu, wanda ƙirarsa ɗaya da filas ɗin shayi. A irin wannan sanyi duk wani aiki na rayuwa ya tsaya. Ƙwayar ba ta ci, ba ta numfashi, ba ta ruɓewa.

Ranar da aka bukaci irin, ko bayan shekara goma ko ashirin, sai a zaro tsinke guda a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumin jiki, watau digiri 37. A ba maniyyin kamar rabin sa'a ya wartsake, sa'an nan a haɗa shi da ƙwan mata a cikin ɗan faranti. Kashegari duk ƙwan da ya kama zai rabu biyu. Sai a ɗauko wata macen da aka riga aka haɗa da namijin da aka ɗaure wa hanyar maniyyi, yadda jikinta zai ɗauka ta yi ciki, a dasa mata su. Bayan mako uku sai a ga farar uwa tana shayar da baƙaƙen 'ya'ya waɗanda ubansu ya daɗe da mutuwa. Daga zaro tsinke zuwa samun balagaggun ɓeraye, wajen wata uku ke nan. Wata ribar kuma ita ce, in uwar riƙon mai tsabta ce, yawancin cututtukan da suka addabi tsohon gidan ba sa biyo 'ya'yan.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Babu abin da ya nuna darajar wannan ajiya kamar abin da ya faru a 2020. Ƙwayar cutar korona tana shiga jikin mutum ne ta wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halitta mai suna ACE2. Ƙofar ɓera ta sha bamban da ta mutum, saboda haka nau'in cutar na farko bai iya kama shi ba, ga shi kuwa duniya na neman dabbar da za a gwada rigakafi da magani a kanta cikin gaggawa.

Ashe tun bayan annobar SARS ta 2002 zuwa 2003, Paul McCray da Stanley Perlman na Jami'ar Iowa sun riga sun samar da ɓera mai ƙofar mutum, suka bayyana shi a 2007. Da SARS ta kau, masu neman ɓeran suka ɗauke ƙafa, aka daina kiwonsa, amma aka daskarar da maniyyinsa. A farkon 2020 aka aika wannan maniyyi Cibiyar Jackson, aka haɗa shi da ƙwan mata masu ɗimbin yawa, kafin tsakiyar shekara an fara rarraba ɓerayen ga masu bincike a faɗin duniya. Da a ce an zubar da irin ranar da aka ga ba shi da sauran amfani, da sai an koma farko, a lokacin da mutane ke mutuwa dubu-dubu a kowace rana.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada mai karatu ya ɗauka dabarar ba ta da aibi. Maniyyi rabin gado ne kawai, ɗaya rabin daga ƙwan macen da aka haɗa shi da shi zai fito. Don haka in ana son ɓeran da ya gaji sauyin ta wajen uwa da uba duka, sai an sake haɗa 'ya'yan da aka samu da junansu, a ƙara jira. In kuma irin yana ɗauke da sauyi uku ko huɗu a wurare daban-daban, to sake tattara su wuri guda na iya cin shekara ko fiye. Bugu da ƙari, akwai wani ɗan gado da ke cikin mitokondiriya, watau gidajen ƙarfi na ƙwayar halitta, wanda ta wajen uwa kaɗai ake samunsa. A irin waɗannan wurare ɗan tayi ake ajiyewa, ko a ajiye duka biyun.

Shi ma tankin yana da nasa sharaɗi. Ba ya bukatar lantarki, amma ruwan da ke cikinsa yana tashi kaɗan-kaɗan, dole a riƙa ƙara masa a kan kari. A watan Maris na 2018 wani tanki ya yi ɗumi a wani asibitin haihuwa da ke birnin Cleveland, ƙwai da 'yan tayi fiye da 4,000 na mutane suka lalace, daga baya aka gano ƙararrawar da ya kamata ta sanar da ma'aikata a kashe take. Shi ya sa ma'ajiyu na ƙwarai ke raba kowane iri kashi biyu, su ajiye a wurare masu nisa da juna. Kuma ba sa yarda a kashe rayayyun ɓerayen sai sun narkar da tsinke guda sun gwada, sun tabbatar yana ɗaukar ƙwai. Rubutu ma wajibi ne, domin tsinken da ba a san abin da ke cikinsa ba, da shi da babu duk ɗaya.

Saboda nauyin nan ne aka kafa ma'ajiyu na haɗin gwiwa. Ban da Jackson, Amurka tana da ƙungiyar MMRRC, Turai tana da EMMA, Japan kuma tana da ta RIKEN a Tsukuba da ta Jami'ar Kumamoto. Masani kan miƙa musu irin da ya samar, su adana, duk mai bukata a ko'ina ya nema a aika masa. Maimakon a ɗora rayayyun dabbobi a jirgin sama su sha wahalar tafiya da ta kwastan, sai a aika tsinke biyu cikin ɗan tanki.

Wasu kuma suna neman hanyar da za a rabu da tankin ɗungurungum. A 1998, a Jami'ar Hawaii, Teruhiko Wakayama da Ryuzo Yanagimachi suka busar da maniyyin ɓera ƙayau kamar garin madara, suka jiƙa shi, suka sami 'ya'ya. A 2013 ƙungiyar Wakayama, wanda ya koma Jami'ar Yamanashi, ta aika irin wannan busasshen maniyyi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wani kashi ya yi kusan shekara shida a can, aka dawo da shi aka sami 'ya'ya 168 lafiyayyu, kamar yadda suka bayyana a 2021. A shekarar ne kuma suka liƙa shi a jikin katin gidan waya suka aika, ya isa, ya yi aiki. Sai dai busasshen maniyyi ba ya motsi, sai an ɗauki ƙwaya ɗaya-ɗaya an tura ta cikin ƙwai da allura a ƙarƙashin madubin likita, kuma 'ya'yan da ake samu ba su kai yawan na daskararre ba. Ga ƙasashe masu zafi, inda ruwan naitirojin ke da tsada da wuyar samu, wannan bincike abin sa wa ido ne.

Babban cikas da ya rage na halin ɗan Adam ne. Mai bincike yana gaggawar ya fitar da sakamako, kuɗin da aka ba shi ƙididdigagge ne, ɓerayensa suna nan lafiya suna haihuwa, sai ya ce bari sai baɗi. Galibi sai ranar da ruwa ya cika ɗaki, ko namijin ƙarshe ya tsufa ya daina barbara, sa'an nan a tuna da tanki. Kuɗin daskarar da iri guda bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na sake ƙirƙiro shi, balle a yi maganar shekarun da ba sa dawowa. Ya kamata hukumomin da ke ba da kuɗin bincike su sa ajiyar iri cikin sharuɗɗansu tun ranar farko, jami'o'in Afirka masu shirin shiga wannan fage kuma su sa tanki da mai kula da shi cikin lissafi kafin su sayi keji. Saboda tuwon gobe ake wanke tukunya.